Ɗigo ya fito a gilashin sabuwar talabijin: ko garanti zai sa a canza?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gidan kallon ƙwallo a wani ƙauye kusa da Ringim. Wata biyu ke nan da na sayo sabuwar talabijin ta bango mai inci 43 a Kano, da katin garanti na shekara ɗaya. Yanzu na lura da wani ɗan ɗigo kore a tsakiyar gilashin, ko me ake nunawa yana nan, ga kuma wani baƙi a gefe. Mai shago ya ce wannan ba matsala ba ce. Ana gyarawa? Kuma ina da haƙƙin a canza mini?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa sana'a albarka. Ɗigon nan biyu ba ciwo ɗaya ke damun su ba.

Hoton da kake gani ƙananan ɗigo ne jere, ana ce musu fiksel. Talabijin mai 1920 sau 1080, wadda ake yawan samu a girman taka, tana da fiksel 2,073,600. Kowane fiksel kuma ya kasu gida uku, ja da kore da shuɗi, kowane gida da ɗan makunninsa da ke buɗe haske ko rufe shi. Ƙananan makunnai sama da miliyan shida ke nan a gilashi guda. Koren naka gida ne da ya maƙale a buɗe. Baƙin kuwa, in ya zauna baƙi ko a kan farin hoto, fiksel ne da ya mutu.

Kafin ka yanke hukunci, goge wurin da ƙyalle mai laushi, don ƙurar hunturu da ƙananan ƙwari suna yaudarar ido. Sai ka sa hotuna biyar a filashi, kowanne launi ɗaya zalla: baƙi, fari, ja, kore, shuɗi. Ka nuna su ɗaya bayan ɗaya a ɗaki mai duhu, kana ƙirga ɗigon, kana ɗaukar hotonsu da waya. Maƙalallen ya fi fitowa a kan baƙi, mataccen a kan fari.

Wanda ya maƙale yakan saki wani lokaci, ko da kansa, ko in an kunna masa bidiyon da ke sauya launuka da sauri na ɗan lokaci. Gwadawa ba ta ɓata komai. Mataccen ba ya dawowa, sai dai a canza gilashin gaba ɗaya, kuɗinsa kuma yakan kusan kamo na sabuwar talabijin. Za ka ji masu cewa a danna wurin da yatsa ko bakin biro. Don Allah kada ka yi. In gilashin ya yi tabo ko ya tsage, garantin ya tashi, kuma za a ce kai ka jawo. Haka nan kada ka bari mai gyara na gari ya kwance bayanta.

Maganar garanti ita ce mai ɗan ɗaci. Mai shagon ba daga kansa ya ƙirƙiro zancen ba. Akwai ma'aunin ƙasa da ƙasa, ISO 13406-2, wanda ISO 9241-307 ya gaje shi a 2008, da ya kasa gilasai aji-aji. A aji na biyu na tsohon ma'aunin, wanda kayan kasuwa da yawa suka bi, an yarda a kowane fiksel miliyan ɗaya a samu biyu masu haske, biyu matattu, da ƙananan gidaje biyar masu lahani. A talabijin irin taka sai ka ninka wannan sau biyu. Shi ya sa kamfanoni da dama ba sa canza kaya kan ɗigo ɗaya ko biyu. Amma kowane kamfani da ƙa'idarsa, wasu sun fi tsanantawa kan ɗigo mai haske, ko waɗanda suka taru wuri guda. Ɗauko katinka ka karanta, in ba a rubuta ba ka nemi ofishin gyara na kamfanin su faɗa maka adadinsu. A ganina ɗigo kore a tsakiyar gilashin da mutane ke biyan kuɗi su kalla lahani ne na gaske, kuma ya isa a tsaya a kansa.

Kana da wata ƙofa ban da garantin kamfani. Dokar kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai lahani ga wanda ya sayar masa cikin wata uku da karɓa, a gyara, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Ana iya jayayya kan ko ɗigo biyu sun kai lahanin da dokar ke nufi, amma wata biyu sun riga sun tafi, don haka kada ka jira ƙarshen kakar wasa. Ka je shagon da rasit da katin garanti da hotunan, ku yi magana ta fahimta. Sau da yawa ɗan kasuwan da ke son ka dawo gobe zai sasanta. In abin ya ci tura, ka kai ƙorafi ga FCCPC ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Kano, tunda a Kano aka yi cinikin.

Wajen kai ta, mayar da ita cikin kwalinta da soson da ta zo da shi, a ɗauke ta a tsaye. Kada a kwantar da ita a bayan babur, ko a ɗora mata buhu a mota, don tsagewar da gilashin ya yi a hanya ba ta cikin garanti, haka ma ƙonewar da wutar janareta ta jawo. In an yarda za a ba ka wata, sa a buɗe ta a shagon, a nuna launukan nan biyar a gabanka, kuma a rubuta lambar jikinta a kan rasit tare da kwanakin da aka ba ka na mayarwa in wani ɗigon ya fito.