Amsa: Inda za a kai ƙananan yara a Nassau

'Yar'uwa, kin tambayi inda ya dace ku kai yaranku ƙanana a 'yan sa'o'in da jirgin ruwanku zai yada zango a Nassau, babban birnin Bahamas. Shawarata ita ce ku fara da lambun Ardastra tun da safe, kafin rana ta take, domin a can ne ake fito da tsuntsayen filamingo masu ruwan hoda su yi fareti a gaban 'yan kallo, kuma wurin ƙarami ne mai inuwa, wanda ɗan shekara uku zai zagaya ba tare da an goya shi ba. Ku hau tasi, amma ku tabbatar da kuɗin kafin ku shiga.

Matakalar Sarauniya, wadda bayi suka sassaƙa a cikin dutse a shekarun 1790, tana da ban sha'awa, sai dai hawa sama da 60 wahala ce ga mai tura keken jariri. Idan lokaci ya rage, bakin tekun Junkanoo yana kusa da tashar jiragen ruwa, ana isa a ƙafa. Ku koma jirgi sa'a guda kafin tashi, domin ba ya jiran wanda ya fita yawo da kansa ya makara.