Tambaya da Amsa: Hulba da Girfa Za Su Iya Maye Gurbin Ƙwayar Ciwon Sukari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina sayar da masara a kasuwar Tudun Hatsi da ke Gombe, shekarata 54. Likita ya ɗora ni a kan metformin da glibenclamide, ƙwayoyin ciwon sukari. Wani abokina ya haɗa mini garin hulba da girfa da zogale, ina sha da zuma, har yana cewa in ajiye na asibiti tunda ba sa warkarwa. Ban ajiye ba tukuna, amma kwanan nan jiri da zufa suna kama ni kafin azahar. Ina mafita?
Mai karatu daga Pantami

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara sauƙi. Jirin nan da zufar su suka fi tsaya mini a rai. Glibenclamide yana matsa wa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Hulba kuwa tana rage saurin shigar sukari cikin jini. In ka haɗa su, ciniki kuma ya hana ka karyawa, sukarin na iya faɗuwa. Da ka ji alamar, ka auna. In ya gaza 70, ko 3.9 a wasu na'urorin, ka jiƙa sukari ƙaramin cokali huɗu ka sha, ka sake awo bayan minti 15.

Abokinka ya yi gaskiya cewa ƙwayoyin ba sa warkarwa. Sai dai ita ma hulbar ba ta warkarwa, kuma babu wanda ya san ƙarfin cokali ɗaya na garinsa. Kada ka ajiye maganinka. Sukarin da ya daɗe a sama yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, mutum na ta harkarsa bai sani ba.

Zogale abinci ne, ka ci kwaɗonka. Girfar da ta fi yawa a kasuwa tana wahalar da hanta in an yawaita. Zuma kuwa, duk albarkarta, tana ɗaga sukari. Nan ne mutane suka fi yi mini gardama.

Ka dakatar da garin, ka kai wa likitanka shi a wannan makon tare da awon da ka rubuta. Ka nemi gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sukarinka ya kasance cikin kimanin wata uku. Mai yiwuwa ya rage maka glibenclamide ɗin ko ya canza shi.