Kwalta da lakar fadama: wace taya zan sa wa Hilux ɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux mai ogzilari da nake zuwa gona da ita a fadamar Wurno, shinkafa da damina, albasa da rani. Kusan kowane mako kuma ina hawa kwalta da kaya zuwa Illela ko Jega. Daminar bara sau uku tana kafewa a laka har sai an kira tarakta. A watan Afrilu kuma tayar baya ta fashe mini ina cikin gudu, da yarana biyu a motar, Allah ne kawai Ya kiyaye. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne na bi shawarar mai faci na rage iska saboda zafi, amma duk da haka ta fashe. Yanzu wasu na cewa in sayi mai manyan haƙora, wasu na cewa 'yar Beljiyam ta fi sabuwa ƙwari. Wallahi har tsoron hawa titi da iyali nake yi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya ƙara tsarewa, Ya raya yaran.

Taya da za ka saya ita ce wadda aka rubuta A/T a gefenta, wato ta kwalta da hanyar daji duka, guda huɗu iri ɗaya, girma ɗaya, har da safeya idan aljihu ya yarda. Wadda ke kan motarka yanzu, in ba a taɓa canza nau'i ba, mai yiwuwa H/T ce, ta kwalta zalla. Zanenta matsattse ne, da ta shiga lakar fadama sai laka ta cike ramukan, tayar ta koma sumul kamar sabulu, tana juyawa wuri ɗaya. Mai manyan haƙoran da ake zuga ka kuwa M/T ce. A laka ba ta da na biyu, domin gibin da ke tsakanin haƙoranta yana watsar da laka duk juyi. Amma lissafa tafiyarka: laka ta gaske daga Yuli zuwa Satumba ce, kuma 'yan kilomitoci ne daga bakin titi zuwa gona. Sauran shekara kana kan kwalta ko rairayi. A kwalta M/T tana da kuka, tana shan mai, tana saurin cinyewa, birkinta kuma ya fi tsawo in an yi ruwa, saboda robar da ke taɓa ƙasa kaɗan ce. Yawancinsu harafin gudunsu Q ne, wato iyakar gudun da aka yi su don shi bai kai na masu S ko T ba. Sai dai in gonarka tana can ƙuryar da ruwan Rima ke kwanciya wata biyu, to nan kam sai ka ajiye saitin M/T a kan wili daban, ka ɗaura da damina ka sauke da kaka.

Cikin A/T ɗin ma akwai zaɓi. Ka nemi mai haruffan LT kafin lambar girma, ko C a ƙarshenta, kamar 205R16C da ke zuwa a Hilux masu wilin ƙarfe. Gefenta ya fi kauri, kuma gefen ne ƙayar bagaruwa da kututturen dawa ke hudawa a hanyar gona. Bayan lambar girma za ka ga lambar nauyi. A 265/65R17 yawanci 112 ce, ma'ana kilo 1,120 kowace taya. 110 kilo 1,060 ce. 120 kilo 1,400. Kada ka sauka ƙasa da abin da kamfanin motar ya rubuta. Kuma taya mai ƙarfi ba ta mayar da Hilux tirela: kayanta kusan tan ɗaya ne, wato buhu 10 masu kilo 100, har da nauyin mutanen ciki. BFGoodrich, Bridgestone, Dunlop, Yokohama da Maxxis duk suna yin A/T masu kyau; ka ɗauki wadda za ka samu irinta cikin sauƙi ranar da ɗaya ta lalace.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya kusa halaka ka, don ba nau'in taya ba ne. Ka ce ka rage iska "amma duk da haka ta fashe". Alhaji, rage iskar ne ya fasa ta.

Wannan magana ta cewa da bazara a sassauta wa taya iska kar zafi ya kumbura ta ta fashe, ta zama kamar karatu a bakin masu faci da direbobin tasha, daga Sakkwato har Gusau, kuma ƙarya ce mai cin rai. Taya ba balan-balan ba ce. Ba yawan iska ke fasa ta a kan hanya ba, zafin da jikinta ke haifarwa ne. Duk juyi ɗaya, gefen taya yana lanƙwashewa inda ya taɓa ƙasa, sannan ya miƙe. Tayar Hilux a gudun kilomita 100 tana juyawa kusan sau 11 a daƙiƙa guda. In iska ta cika, lanƙwasar kaɗan ce. In an rage, gefen yana duƙawa sosai, sau 11 duk daƙiƙa, awa biyu ba hutu. Ɗauki guntun waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, ka taɓa wurin ka ji yadda zai ƙona maka yatsa kafin ya karye. Abin da ke faruwa ke nan da wayoyin ƙarfe da zaren da ke cikin taya. Roba ta yi laushi, ta saki wayar, zanen ya ɓare daga jikin tayar, sai ka ji kamar an harba bindiga. Ka ƙara buhunan albasa a baya, ka ƙara kwaltar Afrilu wadda iskar gari ma ta haura digiri 40, balle ita da rana ke dukanta tun safe. Shi ya sa ta baya ce ta fashe, ba ta gaba ba: ita ce ke ɗauke da lodi.

Gaskiya ne iska tana ƙaruwa in taya ta ɗumama. In ka auna bayan doguwar tafiya za ka ga ta hau da 4 zuwa 6 a geji mai ma'aunin PSI. Masu ƙera taya sun san da wannan, sun yi lissafinsa tun a masana'anta, kuma lafiyayyar taya tana jure ninkin haka nesa ba kusa ba. Ɓarnar ita ce ka tsaya a Tambuwal, yaro ya dafa taya ya ce "Alhaji ta yi zafi, a rage mata", ya danna bawul da ƙusa. Ka rage biyar a taya mai zafi, gobe da asuba in ta huce sai ka tarar ta yi ƙasa da ƙa'ida da biyar. Ka sake hawa titi, ta fi jiya zafi, a sake ragewa. Haka ake yi har ranar da za ta kai mutum daji. Daga nan a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, kuma wanda ya ɗauki ran mutum biyar a mota bisa shawarar wanda ke auna iska da bugun sifana, shi ma yana da tambayar da zai amsa. Mai facin da ba shi da geji mai aiki bai kamata ya taɓa bawul ɗin kowa ba.

Akwai kuma 'yan ɗaya gefen, masu dura 60 wai don lodi. Wannan yana cinye tsakiyar taya, yana rage riƙon birki, rami ɗaya kuma ya isa ya tsinka wayar ciki ta fito da ƙulu. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta ɗauka ce, ba abin da za a sa mata ba. Adadin gaskiya yana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, da layi biyu: ba kaya, da kuma cike da kaya. A Hilux da yawa za ka ga wajen 29 ne, na baya ya hau kusan 36 in an yi lodi. In ka koma LT za ta buƙaci ɗan ƙari a kan haka, sai mai sayarwa ya duba maka jadawalin kamfanin tayar. Ka sayi gejinka na kanka, ka auna da safe kafin mota ta motsa, duk mako biyu da kuma kafin kowace doguwar tafiya. Da rani da damina adadi ɗaya ne.

Wuri ɗaya tak ake rage iska da gangan: bakin laka ko rairayi mai zurfi. Nan za ka iya saukar da ita zuwa 20 ko 22 don tayar ta baje, ka sa ogzilari tun kafin ka shiga, ka tafi a giya ta biyu da totur daidai, kada ka wuce kilomita 30. In ta fara juyawa wuri ɗaya ka ɗaga ƙafa, ci gaba da bankawa rami kake haƙa wa kanka. Sharaɗin shi ne kana da ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota, ka mayar da iska kafin ka taka kwalta, ka kuma cire ogzilari, don a busasshen titi yana murɗe kayan ƙasa.

Batun Beljiyam gajere ne. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana bushewa da shekaru ko da zanen bai suɗe ba, zafin nan namu kuma yana gaggauta hakan. Wasu ma tayoyin ƙanƙara ne na Turai, masu hoton dutse da ƙwayar ƙanƙara da laushin roba. Ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san ko ta taɓa tafiya babu iska ba. Sabuwar ma ka duba lambar, kar a miƙo maka wadda ta shekara huɗu a shago.

Bayan ka ɗaura, a yi balansin da alaimen, ka riƙa juya su gaba da baya duk kilomita 10,000. Alamar ƙarewa da ke cikin ramin zane milimita 1.6 ce, amma don laka kada ka jira ta: da zurfin ya sauka ƙasa da 4, A/T ta daina cizo. Huda a saman zane ana facinta daga ciki. Huda ko yanka a gefe ba ta da faci, ko da mai faci ya rantse, kuma sa mata tif ba ya mayar da zaren da ya tsinke.