Mako uku a teku cikin jirgin iska, yaya ake yi?

Ɗan'uwa, ka ce kana Abuja, an gayyace ka ƙetare Tekun Atlantika a ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, kana so ka san yadda zaman yake.

Hanyar da aka fi bi daga birnin Las Palmas na tsibiran Canary na ƙasar Spain ce zuwa tsibirin Saint Lucia a yankin Caribbean, kusan mil 2,700 na teku, mako biyu zuwa uku. A ƙarshen Nuwamba ake tashi, bayan lokacin guguwa.

Abin da zai fi ba ka wahala barci ne. Jirgi ba ya tsayawa, don haka ake gadi bi da bi, kamar awa uku-uku, dare da rana. Kwanakin farko jiri da amai sukan addabi mutum, daga baya jiki ya saba. Ruwan sha kuwa a ƙidaye yake, ka manta da wankan safe da yamma. Alwala da ruwan teku ta halatta, sai dai don gano alƙibla za ka riƙa duba kamfas.

Kuskuren sababbi shi ne fita saman jirgi da dare ba su ɗaure kansu da igiyar tsaro ba. Wanda ya faɗa teku cikin duhu da wuya a gano shi.

Kafin ka amsa musu, je ka ga likita, musamman in kana shan magani kullum, ka kuma tambayi matuƙin ko ya taɓa ƙetarewa.