Ina da ciwon hanta, zan iya barin tenofovir in koma kan aciclovir?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekara shida ke nan ina shan tenofovir saboda ciwon hanta nau'in B. Duk bayan wata biyu ƙuraje masu ruwa sukan feso mini a leɓe. Wani ya ce an gwada aciclovir a kan masu ciwon hanta, wai tunda shi ma maganin bairos ne, in ajiye nawa in koma kansa. Hankalina ya tashi. Hantata za ta iya ɗaukarsa kuwa?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka. Ƙurajen nan aikin wata ƙwayar bairos ce da ake kira HSV-1, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum biyu cikin uku na 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da ita. Aciclovir maganin waɗannan ƙurajen ne, kuma ta ƙoda yake fita daga jiki, don haka ƙodarka zan sa wa ido, tunda tenofovir ma yakan taɓa ta. A auna maka kiriyatinin tukuna, wato gwajin jini da ke nuna lafiyar ƙoda, kuma ka yawaita shan ruwa. Akwai aciclovir na shafawa, sau 5 a rana, akwai ɗan'uwansa na sha, valaciclovir, giram 2 sau biyu cikin yini guda, awa 12 tsakani. Da leɓen ya fara ƙaiƙayi ake farawa, kafin ƙurjin ya ɗuri ruwa. Duk ba sa fitar da ƙwayar daga jijiyar da take kwanciya.

To, sai batun mai ba ka shawara, wanda na gaji da jin irinsa. Kusan kullum sai an zo mini da wannan magana, wai maganin bairos duk ɗaya ne. Wa ya gaya musu? Aciclovir a mace yake shiga jiki, sai wani sinadari na ita HSV ɗin ya tashe shi. Ƙwayar hanta B ba ta da wannan sinadarin. Gaskiya ne an gwada shi a kan masu ciwon hanta B tun shekarun 1980, amma bai taɓuka abin kirki ba, aka bar shi. Rabin labarin abokinka ya ji.

Tenofovir danne ƙwayar yake yi, tana nan laɓe a cikin hanta. In ka ajiye shi, makonni ko 'yan watanni za su iya wucewa lafiya lau, har ka fara yi wa mai shawarar godiya. Sannan ta yunƙuro. Na ga wanda aka shigo da shi ranga-ranga, idanu sun yi rawaya, ciki ya kumbura, bai ma gane matarsa ba. Garin neman gira ya kusa rasa ido. Da na tambayi wanda ya sa shi barin magani, sai aka nuna mini wani bidiyo a waya. Mai bidiyon ko takardar gwaji bai iya karantawa ba, ga shi yana rantsuwar zai wanke hanta cikin mako biyu.

Kada ka tsallake tenofovir ko na kwana ɗaya. Tunda ƙurajen sun kai sau shida a shekara, ka gaya wa likitanka, akwai tsarin shan ƙaramin awon aciclovir kullum don rage fitowarsu. In kuwa ƙurjin ya matso kusa da ido, ranar za ka je asibiti.