Bustar rediyo a mota: ina ya kamata a jona wayarta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne, ina jigila da Golf tsakanin Daura da Katsina. Tun da na cire rediyon da motar ta zo da shi na sa sabo mai allo, da zarar na wuce Mashi na nufo gida sai tasha ta fara shuu, kafin Shargalle ta ɗauke gaba ɗaya. Na sayi bustar eriya, wato 'yar na'urar da ke ƙara ƙarfin kamun rediyo, wani yaro a tashar mota ya ja jar wayarta kai tsaye zuwa kan batir, ya ce ba sai an sa fiyus ba tunda wutar mota ba ta kisa. Yanzu ina jin ƙaurin roba a ƙarƙashin sitiyari, kuma sau biyu sai da aka tura ni da safe. Hankalina ya tashi, don mata da yara nake ɗauka. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam direba, kafin ka sake ɗaukar fasinja ko ɗaya, ka kashe mota, ka kwance kan batir na nagetib, sannan ka cire wayar nan daga kan fosetib. Ƙaurin da kake ji rigar waya ce ke narkewa.

Maganar yaron nan ita ce ke ƙona mini rai, domin kusan kullum sai na ji ta a gareji, har daga bakin masu furfura. Gaskiya ne volt 12 ba ya jan mutum in ya taɓa kan batir da hannu. Amma batirin da ke iya juya inji da sanyin safiya yana sakin ɗaruruwan amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya, a lokaci guda. Idan siririyar wayar busta ta goge ta taɓa ƙarfen mota, duk wannan ƙarfin ta cikinta zai bi, kuma babu abin da zai tsayar da shi. Cikin daƙiƙa kaɗan wayar za ta yi jajur, robarta ta kama, ta lasa wa kafet da soso da sauran wayoyin da ke ɗaure tare da ita. Kashe makulli ba zai yi maganin komai ba, tunda wayar ba ta bi ta makulli ba. Kana tsakiyar hanya, mota cike, ƙofar baya wataƙila sai daga waje take buɗuwa.

Na san yadda suke jan wayar. Su tura ta ta wani rami a bangon ƙarfen da ya raba inji da cikin mota, babu zoben roba, bakin ramin kuwa kaifi gare shi. Su murɗa bakinta da yatsa, su naɗe da baƙin salatif da zafin watan Afrilu zai saki cikin mako guda. Kowane gargada da ka shiga, ƙarfen yana cin rigar wayar kaɗan-kaɗan.

Aikin fiyus shi ne ya mutu kafin waya ta yi zafi. Waya yake karewa, shi ya sa ake sa shi kusa da inda wuta ta fito, taƙi ɗaya ko biyu daga batir, ba can kusa da bustar ba. Kuma don Allah a daina cewa babban fiyus ya fi ƙarko. Ana kawo mini motoci in buɗe akwatin fiyus in tarar da koren fiyus mai amfiya 30 a gurbin ja mai amfiya 10, ko silin waya, ko takardar sigari mai ƙyalli an cusa. Mai yin haka kamar wanda ƙararrawar gida ta dame shi ne da dare, ya tsinke ta ya koma barci ɓarawo na tsakar gida. Fiyus in ya ƙone sau biyu a wuri ɗaya, akwai wayar da ta goge; ita za a nema. Wanda ya karɓi kuɗin mutum ya cusa masa takardar sigari ya ci amana, kuma alhakin duk ran da ke cikin motar yana wuyansa. Masu gareji ma da ke sakin yara su taɓa wayarin motar haya ba tare da sun tsaya a kansu ba, su ji tsoron Allah.

To ina za a jona ta? Busta ba ta cin wuta, ko kusa da amfiya ɗaya ba ta kai ba. A bayan sabon rediyonka akwai shuɗiyar waya ta eriya, wani lokaci shuɗiya mai ratsin fari. Tana ba da volt 12 ne kawai idan rediyo na kunne. Nan ne wurinta. In babu, a jona ta da jar wayar rediyon, wadda ke samun wuta in an murɗa makulli, a sa mata ƙaramin fiyus mai amfiya 1 a kusa da mahaɗar. A bar rawayar waya, ita kullum da wuta take. A gwada kowace da mita kafin a yanka, domin launin wayoyin motar kanta ba ɗaya ba ne da na rediyon kasuwa. Soket mai ruwan ɗorawa a ƙarƙashin sitiyari kuwa na jakar iskar da ke kumbura ta kare direba in an yi karo ne, kada kowa ya taɓa shi.

Batun mutuwar batir: bustar ita kaɗai ba za ta shanye lafiyayyen batir a dare ɗaya ba, sai mota ta yi kwanaki a ajiye. Ko dai wayar da ta goge tana zubar da wuta, ko batirin ya gaji. A gwada shi, a gwada cajin altaneta, wato na'urar da ke cika batir in inji na aiki. Inji na aiki ya kamata mita ta nuna wajen volt 14.

Ina ma zaton ba ka buƙatar bustar tun farko. Motocin Volkswagen da yawa masu eriya a kan rufi suna da tasu bustar a gindin eriyar, kuma rediyon asali ne ke aika mata wuta ta cikin wayar eriyar. Da ka sauya rediyo, sai ta rasa wuta. Akwai ɗan adafta da ake sawa tsakanin wayar eriya da sabon rediyo, a jona shi da shuɗiyar wayar nan, ya mayar mata da wutarta. A duba kuma tsatsa a gindin eriyar.

Ko an gyara komai, kada ka sa rai da yawa. Tsakanin Katsina da Daura kusan kilomita 80 ne, zangon FM kuwa yana raguwa ne da nisa. Busta tana ƙara abin da eriya ta kamo, har da hayaniyar, kuma a cikin garin Katsina, kusa da tasha mai ƙarfi irin Companion FM a 104.5, tana iya sa tashoshi su hau kan juna. Bayan an cire wayar yaron, ka sa a buɗe ƙarƙashin sitiyari a bi wayoyin da ke maƙwabtaka da ita ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda rigarta ta narke a sauya ta, kada a naɗe ta da salatif.