Hukuncin Tare Layi da Ƙofar Maƙwabta da Motoci Saboda Sallar Juma'a

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni ɗan kwamitin wani sabon masallaci ne a yankin Agege, Legas. Yana ɗaukar mutum kamar 600, amma gini ya cinye fulotin duka, ba a bar wurin ajiye motoci ba. Faɗin layinmu mita 7 ne daga kwata zuwa kwata. Ranar Juma'a motoci kamar 40 suke zuwa, ban da babura da Keke Marwa, a jera su hagu da dama, wasu har a bakin get ɗin mutane. Maƙwabta, Musulmi da Kirista, sun kai mu ƙara ƙungiyar masu gidaje, sun ce za su kira LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Legas, wasu ma sun fara zuba tayoyi da duwatsu a gaban gidajensu. Wasu a cikinmu suna cewa ɗakin Allah ne, awa ɗaya ce a mako, ƙiyayya ce kawai. Mene ne hukunci? Sallar wanda ya tare ƙofar wani ta yi? Kuma za mu iya taɓa kuɗin masallaci mu kama hayar fili?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, tare ƙofar mutum ko toshe hanya da mota haramun ne, ko da sallah ce ta kawo mai motar. Sallarsa ta inganta, amma zunubin cutarwa yana wuyansa, kuma ku da kuka tara jama'ar wajibi ne ku kawar da cutar gwargwadon ikonku.

Asalin mas'alar shi ne faɗin Annabi (SAW) a Muwaɗɗa: babu cuta, babu cutarwa. A Bukhari kuma ya rantse sau uku cewa bai yi imani ba wanda maƙwabcinsa bai tsira daga sharrinsa ba. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta haɗa maƙwabci na kusa da maƙwabci bare a umarni ɗaya na kyautatawa, kuma malaman tafsiri sun shigar da wanda ba Musulmi ba a ciki. Saboda haka get ɗin Kirista da na Musulmi hukuncinsu ɗaya.

Hujjar da ta fi zama a kan maganar "ai ibada muka zo" ita ce hadisin Mu'azu ɗan Anas a Abu Dawud. Sun fita yaƙi tare da Annabi (SAW), mutane suka ƙuntata masaukai suka tare hanya, sai ya aika mai shela ya sanar cewa wanda ya ƙuntata masauki ko ya tare hanya ba shi da jihadi. Mutanen da suka fito da rayukansu ne fa aka faɗa wa haka. In jihadi bai ba su lasisin tare hanya ba, Juma'a ba za ta ba mu ba. Imamu Gazali ma, a Ihya'u, ya lissafa ɗaure dabbobi a hanya ta yadda za su ƙuntata ta cikin munkaran tituna, in ba gwargwadon hawa da sauka ba. Motar yau ita ce dabbar jiya: a tsaya a sauke tsoho a ƙofar masallaci ya halatta, a kulle mota a tafi bai halatta ba.

Batun awa ɗaya kuwa, wanda ya faɗe shi yana auna lokacin da agogonsa ne. Mai naƙuda, da mai ciwon asma, da gidan da tukunyar gas ta kama, ba su da awa ɗaya. Ku yi lissafin layinku. Motar da aka ajiye tana cin kusan mita 2 in an haɗa da madubi da tazarar bakin kwata. Hagu da dama sun cinye 4, saura 3. Motar kashe gobara faɗinta kusan mita 2 da rabi ne, wato mota ɗaya ta ɗan karkace, hanya ta rufe. A Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya yi hukunci cewa in an yi saɓani kan hanya a sa ta kamu bakwai, mita 3 da 'yan kai ke nan, a zamanin raƙumi. Layinku ba ya ɗaukar fakin sai gefe ɗaya, wanda zai bar mita 5.

Dalilin ingancin sallar shi ne haramcin bai shiga cikinta ba. Sharuɗɗanta da rukunanta sun cika, laifin yana waje a bakin get. Amma wanda aka sanar da lambar motarsa ana cikin huɗuba, ya tashi ya gyara ta, ya dawo. In ya riski raka'a ɗaya ya riski Juma'a, in ta kuɓuce masa ya yi Azahar huɗu. Liman yana da damar yin wannan sanarwa daga kan mumbari, domin Annabi (SAW) ya katse huɗuba ya ce wa mai tsallake wuyan mutane ya zauna, ya cutar.

Sahun da ke fita titi yana da nasa bayani. A littattafan fiƙihun Malikiyya, Risala ta ambaci tsakiyar hanya cikin wuraren da aka hana sallah, Mukhtasar Khalil kuma ya ce Juma'a tana inganta a harabar masallaci da hanyoyin da ke manne da shi idan ya cika ko sahu ya sadu. Wannan magana ce a kan inganci lokacin matsi, ba izinin rufe layi ba ce. A cika ciki da bene tukun, tabarmar waje ta tsaya gefe ɗaya, a naɗe ta da zarar an sallame. Abin takaici, sau da yawa motoci ne ke tura masallata titi: gurbin mota ɗaya, mita 2 da rabi a 5, yana ɗaukar masallata kusan 17.

Maƙwabtan su ma suna da iyaka. Haƙƙinsu shi ne shiga da fita gidajensu ba tare da roƙo ba, da hanyar da motar asibiti za ta wuce. Titin da ke gaban katanga ba mallakin mai gida ba ne, na kowa ne, don haka zuba duwatsu don kame shi shi ma ƙuntata hanya ne. Khalil ya ce ana rushe ginin da aka yi a kan hanya ko da bai cutar ba. Sace iskar taya ko karce mota ta'adi ne da wanda ya yi shi zai biya. Sai dai kada ku fara da laifin maƙwabtan. Ku gyara naku, duwatsun za su fi saurin tashi. Kuma kada a kira kukan mutumin da aka kulle a gidansa ƙiyayyar addini ba tare da hujja ba. Munana zato ne, ga shi abin da mutum ɗaya ya yi a bakin get ana jingina shi ga Musulmi da Hausawan unguwa baki ɗaya.

Ga abin da nake ganin ya wajaba a kanku. Kafin Juma'a mai zuwa liman da dattawa biyu su je wurin shugaban ƙungiyar masu gidaje da baale, wato mai unguwar Yarbawa, in da hali da wakilin Sarkin Hausawa, a ba da haƙuri a fili, a zagaya layin tare da tef ɗin awo. A zaɓi gefen da ƙofofinsa suka fi ƙaranci, a shafa fenti: faɗin kowane get da ƙarin mita ɗaya da rabi ta kowane ɓangare, don mai fitowa ya samu karya kan mota, sannan aƙalla mita 5 daga kowace kwana. Kowace mota a jere tana buƙatar tsawon mita 6, ka ga 40 za su ci mita 240 ban da ƙofofi. Layi ɗaya ba zai ɗauka ba, dole a nemi fili. Fuloti mai ƙafa 60 a 120 yana ɗaukar motoci kamar 25 in an yi jeri biyu aka bar hanyar mita 6 a tsakiya. Ku duba harabar ɗakunan biki, waɗanda cinikinsu ya fi yawa ranar Asabar, ko fulotin da ba a gina ba, ko da tafiyar minti biyar ce. Babura da keke a ware musu lungu ɗaya.

A sa 'yan agaji huɗu zuwa shida, biyu a kowane bakin layi, su fito awa ɗaya kafin huɗuba. In gurbi ya cika su juya mota tun daga bakin layi, domin wadda ta riga ta shiga ba ta da wurin juyawa, nan mai ita zai bar ta. Kowa ya bar lambar wayarsa a gilashin gaba, a kuma ba maƙwabta lambar mutum ɗaya da zai ɗaga waya ko ana huɗuba. Su yi aiki da nuni iyakar iko, su shiga sahu da an tayar da iƙama. Tsari irin wannan yakan rushe ne ta hanyoyi uku: makararren da ke yin fakin a bayan wani, da Alhajin da ake jin nauyin hanawa, da ɗaurin auren bayan sallah da ke ninka motoci ba a sanar da kowa ba. Na biyun ya fi ɓarna, domin ranar da aka ɗaga wa mai kuɗi ƙafa, dokar ta mutu. Ɗaurin aure, tarawihi da Idi kuwa, a sanar da maƙwabta tun da kwana uku.

Liman ya kuma tunatar da masu gida kusa hadisin Ausu ɗan Ausu, wanda a cikinsa aka ambaci tafiya Juma'a a ƙasa ba a kan abin hawa ba, kowane taku da ladan azumin shekara da tsayuwarta ga wanda ya cika sharuɗɗan.

Kuɗin hayar fili, fenti da rigunan 'yan agaji ya halatta su fito daga asusun masallaci na gama-gari, domin maslahar masallaci ce. Ba za su fito daga kuɗin da aka bayar don wani abu ayyananne ba, kamar rufi ko janareta, sai da yardar mai bayarwa, kuma ba daga zakka ba a wurin mafi yawan malamai. Hayar fili daga wanda ba Musulmi ba babu laifi. In janwen LASTMA ya ɗauke motar da aka ajiye ba daidai ba, tarar tana kan mai ita. Asusun masallaci ba ya biya, cin hanci kuma haramun ne. Ku kuma duba zanen da LASPPPA, hukumar ba da izinin gini ta Legas, ta amince muku. In ya nuna wurin motoci amma aka gine shi, wannan saɓa alkawari ne da ya kamata a gyara kafin LASBCA, hukumar sa ido kan gine-gine, ta zo da kanta.

In kun yi duk wannan wata biyu ko uku cutar ba ta gushe ba, to ku tsaya a kan salloli biyar, ku mayar da Juma'a masallacin da ya riga ku in yana da fili. A mazhabarmu ta Malikiyya asali Juma'a ta tsohon masallaci ce, an yi rangwamen ƙara wani ne saboda buƙata irin ta ƙuncin wuri.

Wallahu a'alam.